Postfix ya ƙi aika imel ɗin ma'aikatan da ke waje, don Allah a taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Sabar imel ɗinmu Postfix ce (mai aika saƙo) da Dovecot (mai kula da akwatin saƙo). A cikin ofis komai lafiya lau, amma duk wanda ya fita waje, saƙo yana shigo masa, in zai aika sai ya ga "554 5.7.1 Relay access denied". Da ƙorafi ya yi yawa sai na sa 0.0.0.0/0, wato kowane adireshin IP, a mynetworks (jerin adireshin da Postfix ya amince su aika saƙo), aiki ya tafi. Yau da safe postqueue -p, umarnin duba jerin saƙonnin da ke jiran fita, ya nuna dubban saƙonnin da ba mu san mai su ba. Ina zan kama?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Malam, ƙofa ka wangale wa 'yan damfara. Cire layin nan yanzu, ka bar 127.0.0.0/8 da adireshin ofis kaɗai. Na waje ba da adireshi ake gane shi ba, da kalmar sirri ne. A fayil ɗin saitin Postfix na master.cf ka cire # daga layin submission, wato tashar 587, ka sa smtpd_tls_security_level=encrypt, smtpd_sasl_auth_enable=yes, da smtpd_relay_restrictions=permit_sasl_authenticated,reject. A main.cf kuma smtpd_sasl_type = dovecot, smtpd_sasl_path = private/auth. Dole Dovecot ya buɗe soket, wato hanyar da Postfix zai bi ya tantance kalmar sirri, a /var/spool/postfix/private/auth, mallakar postfix, izini 0660. In babu shi, kowace kalmar sirri za ta faɗi.

Ɗan Layi: A share jerin da postsuper -d ALL. Kuma tashar 465 ta fi 587, don ɓoye bayanai yana farawa tun daga haɗuwa. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kamfanonin intanet da ke toshe tashar 25, wadda sabobin imel ke aika wa juna saƙo ta cikinta, ba sanarwa.

Tsohon Hannu: Kul! -d ALL har da saƙonnin gaskiya zai kwashe. A riƙe su da postsuper -h ALL, a tace. Toshe 25 kuwa daidai ne, saboda irin wannan ɓarnar ake yi.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, ai na ɗan lokaci na buɗe. Kuma wasu tsohon Outlook gare su. Ba zan iya zuba adireshinsu a mynetworks ɗaya bayan ɗaya ba?

Tsohon Hannu: Adireshin waya canzawa yake kullum, gobe na wani ne. Don Outlook ka sa auth_mechanisms = plain login a Dovecot. Gwada da openssl s_client -starttls smtp -connect sunan-sabarka:587, ka buga EHLO ka ga ko AUTH, alamar sabar na karɓar kalmar sirri, ya fito. Ka duba ko Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa masu aika saƙonnin banza, ta riga ta sa ka a baƙin jeri.

Mai tambaya: AUTH bai fito ba. Na mayar da 0.0.0.0/0 a mynetworks tukuna, mutane na jiran aiki.