Tsoffin gidajen hutu na bakin tafki a Adirondack: me ke cinye su?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gidajen gungume da attajiran Amurka suka gina a bakin tafkunan Adirondack, jihar New York, don hutun lokacin zafi, irin su Sagamore da Santanoni, sun haura shekara 120. Me ya fi lalata su, kuma wace riba garuruwan ke samu har ake zuba musu kuɗi?

Kafinta: Wa'alaikumussalam. Ruwa ne, malam. Gungumen ƙasa, wanda ya zauna kan harsashin dutse, shi ke fara ruɓewa: ruwan rufi na fantsamo masa, dusar ƙanƙara kuma ta jingina da shi wata da watanni. Danshin itace na wuce kashi 20 cikin ɗari, ruɓa ta samu gindin zama. Ana gwadawa da sukundireba. In ta nutse ba tare da an matsa ba, cikin gungumen ya ruɓe ko da wajensa na sheƙi. Sai a ɗaga bangon da jak kaɗan-kaɗan, a zare ruɓaɓɓen, a sa sabo irin itacensa, a bar tazarar kamar santimita 20 tsakaninsa da ƙasa. Masu gaggawa kan cike ramin da ruɓar ta yi da siminti ko su lafta fenti mai kauri. Danshin ya rasa mafita, ruɓar ta ƙara gudu.

Injiniya: Haka ne, amma a fara da rufi. Wanda ya canza gungume rufi na yoyo ya yi aikin baban giwa. Maganin boron, wani sinadari da ake shafa wa itace, yana kashe ƙwarin da ke huda itace, sai dai ruwa na wanke shi.

Malamar tarihi: Kan batun riba, ɗan'uwa, dubi Santanoni a bakin tafkin Newcomb. Gwamnatin jihar ta mallake shi a 1972, aka bar shi yana lalacewa kusan shekara ashirin, saboda tsarin mulkin jihar ya ce dajin gwamnati da gidan ke ciki ya zauna daji yadda yake har abada. Ƙungiyar Adirondack Architectural Heritage, mai kare tsoffin gine-ginen yankin, wadda aka kafa a 1990, da hukumar garin Newcomb suka tsaya masa, kuma a 2000 ya shiga jerin manyan wuraren tarihi na Amurka. Motar baƙi ba ta shiga. Tafiyar kilomita 8 ce a ƙafa, a keke ko a keken doki. Baƙin nan su ke raya masaukai da wuraren cin abinci na ƙaramin garin, gyaran kuma na riƙe sana'ar ginin gungume a hannun kafintocin yankin.