Murya ta riga baki: jinkirin haskawa kai-tsaye idan firam yana hawa yana sauka

Mai kyamara, Shara Mansur, Makka:
Assalamu alaikum. Masu haska walima da ɗaurin aure daga istiraha (wurin taro na haya a nan Saudiyya) zuwa ga dangi a Kano da Damagaram, ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Muna sa jinkirin sakan 20, don idan kyamara ta faɗa kan wanda bai yarda a nuna shi ba a yanke kafin ya fita. Da farko komai daidai, bayan rabin awa sai murya ta riga baki da sakan biyu ko uku. Hoto daga waya, sauti daga mikisa (na'urar haɗa sauti), haɗawa a OBS, manhajar haskawa ta kwamfuta. Don Allah kowa ya kawo abin da ya gani a bakin aiki.

Mai sauti, Jidda:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa komai gano irin giɓin. A sa mutum ya tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara kusa da makirfo, a farkon taro, a tsakiya, da ƙarshe. Ka ɗauka, ka ƙirga firam (ɗaiɗaikun hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo) tsakanin haɗuwar tafuka da jin ƙarar. A firam 30 cikin sakan, kowane firam milisakan 33 ne. Idan giɓin ɗaya ne duk sau ukun, abu mai sauƙi ne: ninka yawan firam da 33, ka rubuta a Sync Offset, saitin jinkirta sauti a OBS. Firam shida, milisakan 200. Idan yana ƙaruwa a hankali kuma a tsare, agogon hoto da na sauti ne ba su jitu ba. Kyamara mai ba da 29.97 da aka lissafa a matsayin 30 tana tara sakan 3.6 a awa. Naka ya ɗan wuce haka, saboda haka ina zargin firam ɗin wayar ne ke faɗuwa. Wannan kuwa babu lamba ɗaya da za ta gyara shi.

Injiniyan watsa shirye-shirye, Riyad:
Maganar ɗan'uwana na Jidda haka take, kuma ina so a tsaya nan da kyau, don a nan aka fi yin asara. Wasu na'urori da manhajoji suna auna jinkirin hoto da yawan firam, alhali na sauti da lokaci ake auna shi. Sakan 20 a firam 30 firam 600 ke nan a layi. Idan waya ta sauko 24, firam 600 ɗin sai sun ci sakan 25 kafin su wuce, sauti kuwa yana nan a 20 ɗinsa. Giɓin sakan biyar, ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Don haka kada a jinkirta hoto daban, sauti daban. A daidaita su tukuna da ɗan milisakan ɗin da aka auna, sannan a ɗora babban jinkirin a ƙarshe, wato Stream Delay na OBS, wanda ke riƙe su bayan an matse su tare, kowanne da hatimin lokacinsa. Akwai ribar ma'ajiya ma. Ɗanyen firam na 1080 ya kai megabait 3, sakan 20 ya doshi gigabait 2, ga laftof mai gigabait 8 tana nishi. Matsattse a kilobit 4,000 cikin sakan kuwa, sakan 20 ɗin megabait 10 ne kacal. In abin da ba a so ya shiga, tsayar da haskawa da zaɓin zubar da jinkirin, abin da ke layi ba zai fita ba.

Ɗalibi, Madina:
Yaya, to me ke sa wayar saukowa tun farko? A wajenmu da an rage fitila ake fara gani.

Injiniyan watsa shirye-shirye, Riyad:
Ka taɓo shi, ƙanena. Duhu da zafi. A iPhone akwai Auto FPS a saitin ɗaukar bidiyo, shi ke mayar da 30 zuwa 24 idan haske ya yi ƙasa, kashe shi. Ƙananan kyamarorin USB sukan faɗi har 15 saboda suna tsawaita buɗe ido don neman haske, sai an mayar da su saitin hannu an ƙara fitila. Waya kuma da ta ɗau zafi rage aiki take da kanta. Cire mata riga, rage hasken fuskarta, ajiye ta inda iskar AC ke kaiwa.

Ku tuna wutar Saudiyya 60 take kaɗawa a sakan, ta Najeriya da Nijar 50. Kyamarar da aka zo da ita a saitin 25 za ta riƙa nuna fitilun zauren suna ƙyaftawa. Sai mutum ya mayar da ita 30 ya manta OBS a 25, ya haifar da sabuwar matsala. A nan ƙasar komai ya tsaya a 30 ko 60, shata (lokacin buɗe idon kyamara) a 1/60 na sakan.

Hajiya mai ɗaukar ɓangaren mata, Makka:
Abin da ya ba mu lafiya shi ne shigar da sautin mikisa cikin kyamarar kanta, ya fito tare da hoto ta igiyar HDMI zuwa katin ɗauka, mai shigar da bidiyo cikin kwamfuta. Agogo ɗaya, hanya ɗaya. Sai dai a rage ƙarfin mikisa sosai, don ramin makirfon kyamara ba ya ɗaukar ƙarfin layi, murya fashewa take yi.

Mai sauti, Jidda:
Hajiya, wannan ita ce hanya mafi aminci idan kyamara ɗaya ce. Da biyu, ta biyun dole a auna ta daban da tafi. Kuma a duba saitin sautin duka ya zauna a 48 kHz: mikisa, Windows da OBS. Kada a gwada daidaito da abin kunne na Bluetooth, shi kansa yana da nasa jinkirin, a sa mai igiya. Makirfo mai nisan mita 15 daga mai magana ma yana ƙara kusan milisakan 45. Idan ba za a samu cif ba, gara murya ta ɗan makara: a ma'aunin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ana fara lura idan ta riga hoto da milisakan 45, amma sai ta makara da 125 kafin a gane.

Mai haɗa bidiyo, Hindawiyya:
Ga masu ɗauka da waya su haska daga baya kamar kai-tsaye: buɗe fayil ɗin a manhajar MediaInfo mai nuna bayanan bidiyo, in ta ce Variable, wato firam yana hawa yana sauka, kada ka saka shi haka. Wuce da shi ta manhajar HandBrake mai juya bidiyo, a Constant Framerate (firam tsayayye), 30. Lokacin haskawa kuma bar tagar Stats ta OBS a buɗe. Firam da ke zubewa wajen matsewa nauyin kwamfuta ne, sauko zuwa 720. Na intanet kuwa, rage kilobit, ka jona igiyar rauta maimakon Wi-Fi ɗin istiraha da baƙi ɗari ke ja.