Tsohuwar amfilifayar jita mai transista: ƙugi, ɗaukewar sauti da jan wuta a tsirkiya

Mai Jita, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Amfilifayar jita ce ta hannu, Peavey Bandit 65, ƙirar shekarun 1980, mai lasifika ɗaya inci 12. A bayanta an rubuta 120V da 60Hz, don haka da sitef-dawun, na'urar da ke sauke wutar layi zuwa bolt 110, nake kunna ta. Muryarta garau take, amma abubuwa huɗu ke damuna. Tana ƙugi ko ba a sa jita ba. In ta yi kamar minti 20 tana aiki sai sautin ya ragu ko ya ɗauke ɗungurungum, in na bubbuga samanta ya dawo. Maɓallan murɗawa suna kwaramniya. Sannan wani lokaci in hannuna na kan tsirkiya, leɓena ya taɓa makirfo, sai in ji wuta ta ɗan ja ni. Ina kuma son ƙara mata lasifika ta biyu saboda wasa a filin biki. Ta cancanci gyara, ko in haƙura da ita?

Mai Wayarin, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka sa a na huɗu shi ne na ɗaya. Kada ka sake riƙe jitar nan kusa da makirfo sai an gyara shi.

Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin kebul. Duk wutar da ta yoyo ta hau jikin ƙarfen, ta hau hannunka ke nan. Aikin ƙafa ta uku a filogi shi ne ta kwashe wannan yoyon ta kai shi ƙasa. To a irin haɗin da kake yi, wuri uku ake rasa ta: ko an karya ƙafar a filogin Amurka don ya shiga soket, ko sitef-dawun ɗin baki biyu gare shi, ko kuma gidan kansa ba a ja mashi wayar ƙasa ba, wanda shi ne ya fi yawa a gidajenmu.

Akwai kuma wani abu da tsofaffin amfilifayoyin Amurka ke da shi: makunni a baya da aka rubuta wa Ground. Bayansa akwai ƙaramar kondensa, wato ɗan kayan lantarki mai riƙe wuta, da ke haɗa ɗaya daga wayoyin wuta da jikin ƙarfe. An sa ta ne don rage ƙugi a gidajen da na can. In ta tsufa tana yoyo, in ta mutu a haɗe kuwa sai wutar soket ta hau tsirkiya gaba ɗaya. Abin da ke ƙara muni shi ne mafi yawan sitef-dawun masu araha naɗi ɗaya gare su, ba su raba ka da wutar layi. In aka juya wayar wuta da ta dawowa a soket, amfilifaya za ta ci gaba da samun 110 ɗinta tana aiki lafiya lau, alhali ɗaya daga wayoyin na ɗauke da cikakkiyar wutar layi, bolt 230, tsakaninta da ƙasa. Kondensar nan ba a yi ta don haka ba.

A cire kondensar baki ɗaya. A sa kebul mai waya uku, koriyar, wato ta ƙasa, a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, ba da dalma kaɗai ba. A auna da mita daga ƙafar ƙasa ta filogin bango har zuwa jikin amfilifaya, ya zamana bai kai om 1 ba (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta). In gidan ba shi da wayar ƙasa a kafa sandar tagulla a wuri mai danshi, kusa da magudanar ruwa misali, domin yashin Katsina in ya bushe da rani ba ya karɓar wuta sosai. Ka kuma sayi na'urar nan mai yanke wuta in ta ji yoyo, mai miliamfa 30, ka ɗaura a kan kebul ɗin da kake tafiya da shi wurin biki. Amfilifaya da mikisa, na'urar haɗa sauti da ake jona makirfo a ciki, su sha daga soket ɗaya.

Mai Gyaran Rediyo, Ƙofar Ƙwaya:

Maganar oga mai wayarin haka take, a fara da ita. Sauran ukun kuwa ciwon tsufa ne da ƙura, kuma duk masu sauƙin magani ne. Ta cancanci gyara ƙwarai. Irin waɗannan an yi su ne da kayan da ake iya cirewa ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen dalma, kuma fanel ɗinsu, allon da aka dasa kayan a kai, yana jure zafin hannu.

Ɗaukewar sauti tukuna, don shi ne wanda masu gyara da yawa ke ɓata kuɗin mutane a kai. A bayan amfilifayar akwai ramuka biyu, Preamp Out da Power Amp In. Cikin na biyun akwai ɗan harshen ƙarfe da ke manne da wani in ba a sa komai ba, kuma duk sautinka ta wannan mannewar yake bi. Ramin da ba a amfani da shi shekara da shekaru, ga ƙurar hunturu, sai harshen ya yi dauɗa. In ƙarfe ya ɗauki zafi ya ɗan motsa, sauti ya ɗauke. Ka bubbuga, ya dawo. Gwajin ba ya cin ko sisi: ɗauki gajeren kebul na jita ka haɗa ramukan biyu, ka yi wasa na awa ɗaya. In bai ɗauke ba, ka gano ɓarawon. Fesa maganin wanke haɗin lantarki a kan filogi, ka sa ka zare kamar sau 20. In ya ƙi, a canza ramin, ko ka bar kebul ɗin a wurin har abada, ba ya rage komai.

In ya ɗauke duk da haka, dalma ce ta tsage. A duba da gilashin ƙara girma a ƙafafun ramukan jita, ƙafafun maɓallai, da ƙafafun manyan rezistoci farare masu zafi. Za ka ga siririn zobe baƙi kewaye da ƙafar. A narkar, a ƙara sabuwar dalma. Mai gyara kan gano wurin ta hanyar dannawa da tsinken katako yayin da take kunne, ba da sukudireba ba.

Kwaramniyar maɓallai: maganin feshi ɗaya ne, amma a fesa ta ɗan ramin da ke bayan maɓallin, daga ciki, sannan a murɗa shi ƙarshe zuwa ƙarshe sau 30. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da man sassauta noti. Suna cinye siririn layin gawayin da ke cikin maɓallin ko su bar maiƙon da zai tara ƙura fiye da da. Maɓallin da aka wanke sau biyu bai daina ba, ko dai gawayinsa ya side, ko wata ƙaramar kondensa kusa da shi tana yoyo tana turo mashi wuta.

Sai ƙugi. Cire jita, mayar da duk maɓallan ƙara zuwa sifiri. In yana nan, saurari muryarsa. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma bayan ta bi ta diyod huɗun da ke miƙar da ita sai ta zama bugu 100. Danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta 3 ta wuyan jita: wannan muryar bugu 98 ce a daƙiƙa. In ƙugin ya yi kusan daidai da ita, manyan kondensoshi biyu na gidan wuta, sashen da ke ba amfilifayar wuta, su ne suka bushe. In ya fi ta zurfi sosai, ko yana da zizar ƙuda a kansa, matsalar wayar ƙasa ce ko kebul, ko kuma sitef-dawun ya yi kusa da amfilifayar. Matsar da shi mita ɗaya ka ji.

Wajen canza kondensa, adadin mikrofarad, ma'aunin girmanta da ke rubuce a jikinta, ya zama daidai da na tsohuwar, bolt ɗinta daidai ko sama, kuma a nemi mai rubutun 105°C, ba 85 ba, saboda zafin bazararmu da ke wuce digiri 40. A lura da ƙafa mai alamar ragi; in aka juya ta fashewa take. Kafin a taɓa, a zare filogi a sauke wutar da ta riƙe da rezista om 1,000 mai wat 5, a tabbatar da mita. Ban goyi bayan a tsige duk kondensoshin fanel don kawai sun tsufa ba. A canza manyan biyu da duk wadda ta kumbura ko ta zubar da ruwa, a saurara, sannan a ci gaba in da buƙata.

Mai Haɗa Sauti, Daura:

A nan ƙarshen na ɗan saɓa da malam mai gyara. Kayan da ya kai shekara 40, in an riga an kwance shi, gara a canza ƙananan kondensoshin gidan wuta su ma, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma kwance fanel sau biyu ya fi su tsada. Na hanyar sauti ne za a iya bari.

Batun lasifika ta biyu: a'a. Amfilifaya mai bawul, ƙwan gilashin da ke ƙara sauti kafin zuwan transista, ita ce ba ta son a kunna ta ba lasifika. Mai transista ba ruwanta da wannan, abin da ke kashe ta shi ne a sa mata om ƙasa da abin da aka yi ta dominsa. Taka wat 65 take bayarwa a kan om 8. Ka jona wata mai om 8 a gefenta, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4, transistocin fita za su ja kusan ninki biyu na wuta, su yi zafi su ƙone. Ka jera su ɗaya bayan ɗaya, sun zama 16, ba haɗari amma ƙarfin ya ragu. Ko da ma ka ninka wat, ƙarin desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti, kunne da ƙyar yake lura a fili.

Abin da ke aiki a filin biki shi ne ka ɗora ta a kan kujera ko benci, ka ɗan kishingiɗar da ita ta kalli kanka, sannan a sa makirfo kamar yatsu uku daga ƙyallen gaba, a ɗan kauce wa tsakiyar lasifika, a tura wa mikisa. Ko a ja kebul daga Preamp Out, sai dai sautin can yakan yi kaifi saboda bai bi ta lasifikar jita ba, dole a rage mashi siririyar murya ta sama a mikisa. Kada a jingina bayanta da bango ko a bar ta cikin rana, buɗaɗɗen bayan nan ta nan take shan iska.

Wajen saiti, ƙarfin irin waɗannan yana wurin sauti mai tsabta. Roland JC-120 da ta fito a 1975 ba ta da bawul ko ɗaya, kuma har yau ana ƙera ta saboda wannan tsabtar. Transista in ta kai iyakarta yanke sautin take kamar da wuƙa, shi ya sa in aka ƙure ta take tsawa mai ciwon kunne. Don haka maɓallin Pre, mai ƙarfin shigar sauti, ya tsaya wajen 3 ko 4, ka nemi ƙara da maɓallin Post. Saturation, maɓallin da ke kausasa sauti, kaɗan ya isa. Ga kiɗa mai saurin yatsu irin na mutanen Agadas, ɗaga Mid zuwa 6, rage Low zuwa 4, domin tsakiyar murya ce ke ratsa kalangu da ganga, ƙasan kuwa cinye wat kawai yake. In jitarka mai ƙarfin fita ce ko kana da feda, na'urar sauya sauti da ake takawa, tsakanin jita da amfilifaya, shiga ta ramin Low Gain.

Mai Jita, Ƙofar Marusa:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Na haɗa ramukan biyu da kebul, awa ɗaya da rabi bai ɗauke ba. Ƙugin kuma ya yi daidai da gaɓa ta 3. Tambaya biyu suka rage. An ba ni shawarar a sake naɗa tiransifomar ta koma 230 in huta da sitef-dawun. Sannan in wuta ta yi ƙasa da dare, ko a kan janareta, sautin yana dagulewa da wuri.

Mai Gyaran Rediyo, Ƙofar Ƙwaya:

Madalla, biyu sun fito ke nan.

Bar tiransifomar yadda take muddin tana da lafiya. Naɗin hannu in bai dace da adadin zagaye ba, wutar ɓangarori biyu na gidan wuta, na ƙari da na ragi, ba za ta zo daidai ba, ko ta haura abin da transistoci ke ɗauka. Abin da ya fi: sitabilaiza mai VA 1,000 wadda ke da bakin 110 a jikinta, ana samun su a kasuwa. Ta yi maka aiki biyu, ta sauke wuta ta kuma daidaita ta. Dagulewar da kake ji lissafi ne: sitef-dawun rabawa biyu kawai yake, in layi ya faɗi zuwa 170 amfilifaya 85 take samu, ƙarfinta ya zube. Ba kuma laifi ba ne ta sha 110 maimakon 120, ya ma fi mata, domin tiransifomar da aka yi don 60Hz takan fi zafi a kan 50 namu. Ka tabbatar dai wayar ƙasa ta ratsa ta bakin 110 ɗin, ka kuma kunna makunnin jinkirin sakin wuta da ke jikin sitabilaizar. A janareta, amfilifaya ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa, kuma kada ta raba layi da firiza ko injin walda.

In ka kai ta canjin kondensa, ka roƙi abu uku. A auna wutar miƙe, wato DC, a wayoyin lasifika, ba jita, ƙara a sifiri: ta zama ƙasa da milibolt 50 ko kusa da haka. In ta kai bolt guda ko fiye, a zare lasifikar nan take, domin wannan wutar ce ke dafa koyil, naɗin wayar da ke cikin lasifika. Lasifikar kanta mai om 8 za ta nuna tsakanin 5 da 7 a mita, daidai ne. Na biyu, kunnawar farko bayan gyara ta bi ta ƙwan fitila mai zare, wat 100, da aka jera a kan wayar wuta. In ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai gajeren haɗi, kuma ƙwan ya tare ɓarnar. Ƙwan zamani mara zare ba ya wannan aikin. Na uku, kada a taɓa transistocin fita in suna da rai. Na jabu sun yi yawa, lambar daidai, cikin ƙarami, sukan mutu a wasan farko. In an kwance su daga farantin da ke shanye zafi, a goge tsohon farin man a sa sabo siriri, a mayar da 'yar takardar da ke raba su da ƙarfe, a auna a ga ba su taɓa jiki ba kafin a kunna.

Fis kuma a duba lambar da ke ciki ta yi daidai da wadda aka rubuta a jikin amfilifayar. Kayan hannu sau da yawa za ka tarar an naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari, ko an sa babba. In haka ne a canza shi tun kafin a fara komai.