Kada makin ɗalibi ya zama maraya a rumbun bayanai

Masu haɗa manhajar makarantu a Katsina sun tattauna kan makin jarrabawa da ke rasa mai shi bayan an goge sunan ɗalibi daga rumbun bayanai. Yawancinsu sun ce rumbun bayanai ne zai tsare alaƙar, ba manhaja ba: a ɗaure teburin maki da lambar ɗalibi ta hanyar FOREIGN KEY, wato dokar da ke tilasta kowane maki ya kasance na ɗalibin da ke cikin teburin ɗalibai.

An fi daɗewa kan batun gogewa. Cikin zaɓin da dokar ke bayarwa, CASCADE na kwashe makin tare da ɗalibin. RESTRICT kuwa hana gogewar yake yi, kuma shi na fi so, don sakamakon yaro ba abin wasa ba ne. An kuma tunatar cewa SQLite, wani nau'in rumbun bayanai, ba ya bin dokar sai an kunna saitin da ake kira PRAGMA foreign_keys. A MySQL, wani rumbun na daban, injin ajiye bayanai na MyISAM ba ruwansa da dokar, amma injin InnoDB na bin ta.