Koyar da tunani irin na kwamfuta a ajin da babu kwamfuta

Malamin JSS 2:
Assalamu alaikum malamai. Ana ta cewa a shigar da tunani irin na masu rubuta manhajar kwamfuta cikin darasin lissafi da kimiyya. To ajin da yara suka haura 60, ba kwamfuta ba wuta, ta ina za a fara?

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai da na'ura ba. Abin da ake nema shi ne yaro ya iya tsara matakai yadda wanda bai san darasin ba zai bi ya kai ga amsa. Fara da HCF, wato lamba mafi girma da ke raba lambobi biyu ba saura, ta hanyar Yuklid, masanin lissafin Girka na dā. Ɗauki 84 da 36: raba 84 da 36, saura 12, raba 36 da 12, saura 0, amsa 12.

Sai kowane rukuni ya rubuta matakan a takarda ya miƙa wa wani rukunin, a zaɓi yaro ɗaya ya zama kwamfuta. Abin da aka rubuta kaɗai zai yi, ba ya cike giɓi da hankalinsa. A nan kurakurai ke fitowa. Galibi sukan manta da rubuta inda za a tsaya, sai ka ga yaro ya kai saura 0 yana neman raba 12 da sifili. Wasu su ce amsar 3 ce, sun ɗauki sakamakon rabawar ƙarshe maimakon lambar da aka raba da ita. Kada ka gyara musu, ba su 17 da 5 su gwada. In ba 1 ta fito ba, su koma su nemo matakin da ya gurɓace.

Malamar kimiyya:
A kimiyya, zare da ɗan dutse sun isa: a ɗaure dutsen a zaren, a rataye shi ya riƙa lilo. Zaren santimita 25 yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa 1, na santimita 100 kusan daƙiƙa 2. A ƙirga lilo 20 da agogon waya a raba da 20, don lilo ɗaya ya fi saurin yatsa. Kada a ja dutsen da nisa, digiri 10 ya wadatar. Matsalar ita ce yara kan canza tsawon zare da nauyin dutse lokaci guda, sannan su kasa gane wanne ya kawo bambanci. Abu ɗaya ake canzawa, a cike jadawali, su gano da kansu cewa nauyi bai da tasiri.

Malamin kwamfuta:
In an samu kwamfuta ko ɗaya ce, Scratch, manhajar koya wa yara tsara umarnin kwamfuta, kyauta ne kuma yana aiki ba intanet. Amma Malam, a fara da takarda, in ba haka ba yara za su ɓata darasin wajen sauya wa hoton kyanwar da ke cikin Scratch launi.