"Kowa ya ci ladan kuturu": ya dace da marubutan Tarayyar Koguna Biyar?

'Yar Alƙalami: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta labarin wata duniya da na ƙirƙira. A cikinta akwai Tarayyar Koguna Biyar, ƙasashe biyar da suka kori sarakunansu suka haɗe a kan aƙidar gurguzu. Gona ta kowa ce, masaƙa ta kowa ce, amma maɗaba'a ɗaya ce tal, ta gwamnati. Marubuci yana da albashi da ɗaki da katin karɓar hatsi. An umarci wani matashin mawaƙi ya yi wa sabuwar madatsar ruwa waƙar yabo, alhali ruwan nan shi ya cinye ƙauyensu. Ina so malamarsa, wata tsohuwa, ta ce masa: "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Ya zauna kuwa?

Malam Na-Soro: Wa alaikumus salam 'yata. Ya zauna daram. Ma'anarsa ai a fili take: in ka karɓi lada, aikin ya hau kanka ko da ranka yana ƙyamarsa. Kuma abin da kika ƙirƙira ya taɓa faruwa. A Tarayyar Sobiyet, a 1932 aka rushe ƙungiyoyin marubuta masu zaman kansu, aka ce a yi guda ɗaya. A 1934 ta yi babban taronta na farko a Mosko, marubuci Maksim Gorki na kan gaba. Ɗan ƙungiya yana samun gida da asibiti da wurin hutawa, har da unguwar marubuta a Peredelkino. To wanda ya ci wannan, da wane baki zai ce ba zai yi askin ba?

Ɗan Tsangaya: Allah gafarta Malam, ni dai ban gamsu ba. Wanzamin da ke cikin karin maganar nan yana da zaɓi tun farko. Ya ga mutumin, ya ga kansa, ya miƙa hannu ya karɓi kuɗi. Da ya ƙi, gobe wani zai zo ya zauna a tabarmarsa. Shi kuwa yaron nan, a duk faɗin ƙasar mai neman aski ɗaya ne zai zo masa. In ya ƙi ladan, ba wai ya rasa ciniki ba ne, ya rasa tuwo. A 1946 an kori Anna Akhmatova da Mihail Zoshchenko daga ƙungiyar, katin abinci ya tafi tare da korar. A 1958 aka kori Boris Pasternak bayan an ba shi kyautar Nobel. A 1964 kuma aka gurfanar da Yosif Brodski a kotu a Leningrad da laifin zama cima-zaune, saboda waƙa ba aiki ba ce in ba gwamnati ta ce aiki ba ce. Ɗora wa irin waɗannan karin maganar nan zalunci ne, don yana mayar da laifin kan mai karɓa.

Malam Na-Soro: Ka kawo hujja, ɗana. Sai dai ba kullum ake faɗarsa don zargi ba. Uwa takan faɗa wa ɗanta shi cikin tausayi, wato ka riga ka shiga, daure ka gama.

Hajiya Mai Ɗan Littafi: Nan ne nake so a tsaya. Ƙanwata, kada ki mayar da Tarayyar taki duhu zalla, mai karatu zai gane ƙarya ce. Ladan nan ba kuɗi kaɗai ba ne. Sobiyet ta yi yaƙi da jahilci tun daga 1919, ta tsara wa harsuna da dama haruffan rubutu, ta buga littattafai da harsunan da kasuwa ba za ta kula su ba. Rasul Gamzatov da harshen Abar ya yi waƙoƙinsa a Dagestan, wani yankin Sobiyet, aka fassara su suka zagaya ƙasar. Wataƙila yaron naki ɗan masunta ne wanda ba don Tarayyar ba da bai san baƙi ba. Ita ta ba shi alƙalamin, ita ta nutsar da ƙauyen. Wannan shi ne zafin, kuma shi ya sa nake ganin karin maganar zai yi nauyi a bakin tsohuwar, don ita ma ta ci.

Sarkin Kiɗa: Mu da muka tashi a gidan kiɗa mun san wannan. Makaɗin fada yana cin doki da riga, yana yabon ubangidansa, amma yakan saka habaici a tsakiyar yabon, mai kunne ya ji. A Kazakistan an yi wani tsohon mawaƙin gargajiya, Jambil, da aka ɗaukaka shi saboda yabon Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin. Gwamnati irin wannan tana son bakin mawaƙin karkara ƙwarai. Ki bar yaron ya yi waƙar, amma ya jero sunayen unguwannin da ke ƙarƙashin ruwa a matsayin waɗanda suka ba da gudummawa: Unguwar Masunta, Bakin Kuka, Maƙabartar Gabas. Mai tace rubutu zai ga godiya, 'yan ƙauyen za su ji ta'aziyya.

Ɗan Tsangaya: In haka ne, to yaron ya ba ta amsa. Ya ce: Inna, ni ban miƙa hannu ba, a hannuna aka haife ni da ladan. Kada maganarta ta wuce ba a tanka ba.

'Yar Alƙalami: Na gode ƙwarai. Zan bar karin maganar a bakin tsohuwar, amma da daddare za ta faɗa masa, bayan ta ciro masa nata littafin waƙoƙin da ta ɓoye a cikin tukunyar gero, wanda ba a taɓa bugawa ba. Amsar Yaya Ɗan Tsangaya ma za ta shiga. Baba Sarkin Kiɗa, sunayen unguwannin nan in sa su a amshi ne ko a baiti na ƙarshe?

Sarkin Kiɗa: A amshi, 'yata. Shi ne yara za su haddace a makaranta.