Sarari ko tazara: mu tsai da kalma

Ƴan'uwa masu rubutun Hausa a kwamfuta, barkanmu da war haka. Wace kalma za mu ba abin da Turawan Ingila ke kira whitespace, wato wurin da ake bari ba rubutu tsakanin kalmomi da layuka? A nan Yamai kowa "espas" na Faransanci yake cewa, amma tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, littattafan koyarwa da takardun horaswa da ake shiryawa cikin Hausa ba za su zauna da espas har abada ba. Na tattara abin da kuka aiko mini, ga kuma inda na tsaya.

Bari in faɗi inda buƙatar ta taso. Da yawanmu muna rubutu da Markdown, tsarin nan da John Gruber ya fitar a 2004, inda kake rubuta zallar kalmomi da ƴan alamomi, taurari bibbiyu don kauri, alamar # don kanu. Daga nan sai ka ba Pandoc, manhajar da John MacFarlane, malamin falsafa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya soma a 2006, ta mayar maka da shi Word ko PDF ko shafin intanet. Aiki ne mai daɗi har ranar da ka buɗe takardar ka tarar layi ya yanke a tsakiyar jimla, ko jerin abubuwa ya wawwatse, ko alamar tambaya ta yi nesa da kalmarta. Ka kira abokin aiki a waya ka ce "akwai espas", ya ce "wane iri?", sai ku yi ta kewaye-kewaye kuɗin waya na ƙonewa.

Wani ƙanena ya kawo "farin fili". Na gode ƙane, amma wannan Turanci ne aka sa wa riga. Da yawan masu rubutu yanzu baƙin allo suke amfani da shi, farin ina? An kawo "wofi" da "fanko". Su ma ban karɓa ba, don suna cewa babu komai a wurin, alhali akwai. Wannan shi ne ginshiƙin zancen. Idan ka danna dogon maɓallin nan na ƙasa, kwamfuta tana ajiye harafi ne mai lambarsa, U+0020 a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba, kamar yadda ƙ da ɗ da ƴ suke da nasu lambobin. Kamar sifiri yake a lissafi: ba ya ƙirga komai, amma cire shi daga 105 ka ga abin da zai rage.

Wani dattijon malami daga Tawa, wanda ya daɗe yana koyar da yaƙi da jahilci, ya rubuto cewa: "Mi ya hana mu ce gurbi? Yara duk sun san cike gurbi." Allah ya ƙara girma Malam, kun kawo kalmar da ta fi kusa, kuma na daɗe ina juya ta. Abin da ya sa na saki shi ne abin da kuka faɗa da kanku. Gurbi wuri ne da ke jiran a cika shi. Wanda ke tsakanin kalma da kalma ba ya jiran kowa, aikinsa ke nan ya raba. Idan muka koya wa ɗalibi "sa gurbi bayan waƙafi", gobe a jarrabawa zai rasa wanne ake nufi.

Wata Hajiya mai gyaran rubutu ta ce "giɓi". Giɓi yana ɗauke da aibu a cikinsa, abin da ya kamata ya kasance ne ya fita. Saboda haka bai dace da harafin kansa ba, amma ya dace ƙwarai da wanda ya ɓullo ba a gayyace shi ba. "Takardar nan ta fito da giɓi" magana ce da kowane Bahaushe zai gane nan take. Hajiya, mu riƙe giɓi a matsayin sunan matsalar.

Abin da ya rage biyu ne, sarari da tazara, kuma mutane sun rabu gida biyu a kansu. Ni ra'ayina ba za mu zaɓi ɗaya ba, duka biyun muke buƙata, don abubuwa biyu ne daban da ido ke gani iri ɗaya. Sarari shi ne harafin da ke zaune cikin rubutun, za ka iya kai alamar rubutu kansa ka goge shi. Tazara kuwa nisa ne da tsarin shafi ya sa, ko ka kwana kana danna maɓallin gogewa ba za ta tafi ba. Duk wanda ya taɓa neman asalin giɓi a takarda ya san rabin aikin shi ne gane wanne daga cikin biyun ne.

Ga misali a kusa. Malama ta rubuta darasi a Markdown, layin farko: "Ruwan sama yana farawa ne", ta danna dogon maɓalli sau biyu ba ta lura ba, ta sauka ƙasa ta ci gaba: "a watan Yuni." A ƙa'idar Markdown, sauka layi sau ɗaya ba ya yanke jimla, Pandoc haɗe su take yi. Amma sarari biyu a ƙarshen layi umarni ne: yanke nan. Ga shi ido ba ya ganinsu. A Word sai jimlar ta tsinke, in kuma an daidaita rubutun ya cika gefe da gefe, kalmomi biyar ɗin nan na layin farko sai su miƙe su cika faɗin shafi, kowace ta yi nisa da ƴar'uwarta. Wanda bai sani ba zai shiga saitin shafi yana lalube, alhali laifin sarari ne. Hanyar kama shi ita ce ka ce wa Pandoc ta nuna maka yadda ta fahimci rubutun, da umarnin `pandoc -t native`. Za ka ga Space a inda sarari yake, SoftBreak a inda ka sauka layi kawai, LineBreak a inda aka yanke da gangan. In kana son yankewar da gaske, sa karkatacciyar sanda \ a ƙarshen layin, ita ana ganinta. Haka nan sarari huɗu a farkon sakin layi suna sa Markdown ta ɗauki rubutunka a matsayin lambobin manhaja, sai ya fito da wasu haruffa daban kamar na tsohuwar tafireta.

Yanzu ga na tazara. Ka jera abubuwa uku da ƴar sanda a gaban kowanne. In babu layin da aka tsallake tsakaninsu, Pandoc tana ba su salon da ake kira Compact a Word, sai su matsu. Ka tsallake layi ko da a wuri ɗaya, sai ta ɗauki kowanne a matsayin sakin layi mai zaman kansa, jerin ya buɗe. Haka kuma nisan da ke tsakanin sakin layi da sakin layi yana fitowa ne daga salon Body Text. Ƙara layuka goma babu komai a Markdown ba zai ƙara shi ba, don duk ɗaya take ƙirga su. Maganinsa shi ne ka gyara salon a wata takardar Word ta samfuri, ka miƙa ta da `--reference-doc`. Kun ga amfanin kalmomin: "wannan tazara ce, je ka samfuri", an gama magana.

Akwai kuma wanda ya fi damunmu a Nijar, ƴan'uwanmu na Kano da Sakkwato ba su cika haɗuwa da shi ba. Ƙa'idar rubutun Faransanci tana sa nisa kafin alamar tambaya, alamar motsin rai, ruwa biyu da waƙafi mai ruwa. Hausa ba ta yin haka. Kwamfutocinmu kuwa kusan duk Faransanci suke ji, saboda haka Word da LibreOffice suna cusa wani harafi da kansu, U+00A0, wanda Faransawa ke kira espace insécable. Ka kwafo "Ina kwana?" daga can ka liƙa a Markdown, harafin ya biyo ka. A wancan umarnin na native za ka gan shi a matsayin \160 manne cikin kalmar. A Word kuma, ka danna alamar ¶, sarari na kullum zai fito ɗigo, shi kuwa ɗan zobe. LibreOffice tana shafa masa toka-toka. Wani lokacin ma rubutunka tsaf yake, amma a saman fayil an sa `lang: fr`, sai LaTeX, manhajar da Pandoc ke amfani da ita wajen tsara shafin PDF, ta ƙara nisan da kanta sa'ad da take haɗa PDF. Na farko sarari ne, a goge shi. Na biyu tazara ce, a gyara harshen takardar.

Wannan harafin wasu sun ce "sarari mara yankuwa". Fassarar Faransancin ce kai tsaye, kuma tana faɗin abin da ba ya yi. Ni na fi son "sarari mai ɗauri", don aikinsa shi ne ya ɗaure kalmomi biyu kada ƙarshen layi ya raba su. Yana da amfani a wurinsa, kamar tsakanin "shafi na" da "12".

An yi mini ƙorafi cewa sarari ya riga ya ɗauki kaya da yawa: sararin samaniya, samun sarari, fitowa sarari. Gaskiya ne, amma ba wanda zai ji "goge sarari biyun da ke ƙarshen layi" ya ɗaga kai sama. Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne cewa whitespace ya haɗa har da sauka layi da tab, maɓallin nan mai tura rubutu gaba da ɗan nisa. Don haka idan ana nufin su duka, na ce mu ce "dangin sarari".

Tab ɗin ne har yanzu bai samu suna ba. Pandoc tana ƙirga shi daidai da sarari huɗu in ba ka canza mata ba, a Word kuma kibiya yake fitowa idan an danna ¶. Malam na Tawa ya ce "tsalle", ni kuma ina jin "sararin tsalle" ya fi zama a jimla. Masu koyar da kwamfuta a Maraɗi da Damagaram, me kuke ce wa ɗalibanku idan kuna so su danna shi?